Kuskuren Magani a Famasin Asibiti: Abubuwan da ke Sa Ma'aikaci Ya Yi Kuskure da Yadda Za Ka Kare Kanka

Idan ka taso daga Kwandiko, ko Sara, ko Basirka da marar lafiya, ka nufi asibitin Gwaram ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, akwai layuka da dama da za ka bi: na yankar kati, na ganin likita, na gwajin jini, na biyan kuɗi. Na ƙarshe shi ne na tagar famasi, wato ɗakin ba da magani. Kafin ka iso nan ka gaji, rana ta yi, hankalinka ya koma kan abin hawan da zai mayar da kai gida. Wanda ke bayan tagar shi ma tun safe yake tsaye. Haka abin yake a kowane asibiti mai cunkoso a duniya: mutum mai gajiya ne ke miƙa wa mai gajiya abin da zai shiga jikin marar lafiya.

Wannan rubutu zai yi maka bayanin yadda kuskuren magani ke faruwa, dalilan da ke sa ƙwararren ma'aikaci mai kyakkyawar niyya ya faɗa cikinsa, matakan da asibitoci ke ɗauka, da kuma abin da kai kanka za ka iya yi kafin ka bar bakin taga.

Mene ne kuskuren magani?

Kuskuren magani shi ne duk wani abu da za a iya kauce masa, wanda zai sa a yi amfani da magani ba daidai ba, ko ya cutar da marar lafiya. Ya haɗa da:

- ba da maganin da ba shi aka rubuta ba
- ba da maganin wani ga wani
- ba da adadin da ya yi yawa ko ya yi kaɗan
- bin hanyar da ba ita ba, kamar yin allurar tsoka a jijiya
- rubuta ƙa'idar sha ba daidai ba a jikin leda ko kwalba
- ba da maganin da wa'adinsa ya ƙare ko ya lalace
- ba wa mutum maganin da an riga an san jikinsa ba ya karɓa
- mantawa da ba da magani gaba ɗaya

Ka bambanta wannan da illar magani. Mutum zai iya shan maganin da ya dace, a adadin da ya dace, amma ya yi masa ƙaiƙayi ko tashin zuciya. Wannan illa ce. Kuskure kuwa yana nufin an samu tangarɗa a hanyar da maganin ya bi kafin ya iso gare ka.

Girman matsalar

A shekarar 1999 Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza masu aikin lafiya. Rahoton ya ƙiyasta cewa mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocin ƙasar sakamakon kurakuran aikin asibiti iri daban-daban, ciki har da na magani. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙaddamar da shiri na musamman a birnin Bonn na Jamus, da burin rage munanan cutarwar magani da za a iya kauce wa da kashi 50 cikin 100 a shekara biyar. Hukumar ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a shekara. Ranar 17 ga Satumba kowace shekara ita ce Ranar Kare Lafiyar Majiyyata ta Duniya, kuma ta 2022 a kan magani kacokan aka yi ta.

WHO ta nuna wurare uku da haɗarin ya fi yawa: magunguna da marasa lafiya masu haɗari na musamman, kamar jarirai da tsofaffi, mutumin da ke shan magunguna da yawa lokaci guda, da kuma lokacin sauyin hannu, kamar ranar sallama daga asibiti ko turawa daga ƙaramin asibiti zuwa babba.

Hannu nawa magani ke bi?

Kafin ƙwaya ɗaya ta shiga bakin marar lafiya, likita ya rubuta, mai harhaɗa magunguna ya karanta ya tantance, wani ya ɗauko daga kanta, an ƙirga, an rubuta ƙa'ida, an miƙa wa ɗan'uwan marar lafiya ko ma'aikaciyar jinya, sannan aka bayar. Kowane mataki dama ce ta yin kuskure, kuma dama ce ta kama kuskuren wanda ya gabata.

Wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Manchester ta Ingila, Farfesa James Reason, ya kwatanta waɗannan matakai da yanka-yankan cuku mai ramuka. A wajenmu misalin zana ya fi kusa. Kowace zana tana da 'yan hujoji. Idan ka jera zana huɗu, ɗaya bayan ɗaya, mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba, sai fa ranar da hujojin huɗu suka yi saiti. Likita zana ne, famasi zana ne, nas zana ce, kai ma mai jinya zana ne. Cutarwa tana isa ga marar lafiya ne ranar da kuskure ya ratsa ta hujin kowa.

Reason ya kasa kurakuran ɗan Adam gida huɗu:

1. Zamewar hannu: ka san abin da ya kamata, amma hannunka ya ɗauko kwalin da ke kusa da shi.
2. Mantuwa: ka yi niyyar rubuta "bayan cin abinci", aka kira ka, ka manta.
3. Kuskuren fahimta ko ƙarancin sani: ka yi abin da ka yi niyya, amma niyyar ce ba daidai ba, kamar lissafa wa jariri magani da ƙa'idar babba.
4. Tsallake ƙa'ida da gangan: ka san ana so mutum na biyu ya duba, amma ka wuce saboda layi ya yi tsawo.

Amfanin wannan rabe-raben shi ne kowane iri da maganinsa. Ƙarin karatu yana gyara na uku, amma ba ya hana zamewar hannu. Wanda ya shekara ashirin a famasi ma hannunsa na zamewa.

Abubuwan da ke tura ma'aikaci ga kuskure

*1. Gajiya da rashin barci.* Wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka buga a 1997, ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 bai runtsa ba, natsuwarsa da saurin hannunsa na raguwa daidai da na wanda ke da barasa kashi 0.05 cikin 100 a jininsa. In ya kai awa 24, abin ya kusa ninkawa. Ma'aikacin da ya kwana a bakin aiki, gari ya waye ya ci gaba saboda babu mai canjinsa, yana cikin wannan hali ko da shi bai ji ba. Yunwa da ƙishirwa su ma suna rage natsuwa, musamman da yammacin azumi a lokacin bazara.

*2. Yawan aiki da ƙarancin ma'aikata.* Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani a ƙasar Hausa, ɗakunan yara kan cika maƙil. Ranar kasuwa da ranar awon ciki layi kan ninka. Ga kuma ƙwararrun da ke barin karkara zuwa birni ko ƙasashen waje. Idan aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya, abin da ake fara yankewa shi ne dubawa ta biyu da yi wa marar lafiya bayani, alhali su ne ke kama kuskure. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

*3. Katse mutum yana tsakiyar aiki.* Waya ta yi ƙara, wani ya leƙo yana tambayar farashi, ɗan'uwa ya zo gaisuwa, wani babba ya aiko a sallami nasa da wuri. A wani bincike da aka yi a asibitoci biyu na birnin Sydney, aka buga a 2010, an bi ma'aikatan jinya 98 suna ba da magani fiye da sau 4,000. An gano cewa duk katsewa ɗaya na ƙara yiwuwar kuskure da kusan kashi 13 cikin 100. Taura biyu ba ta taunuwa. Mai ƙirga ƙwaya da aka yi wa magana, in ya dawo, ƙwaƙwalwarsa kan ɗauka ya gama matakin da bai gama ba.

*4. Sunayen magani masu kama da juna.* Ido ba ya karanta kalma harafi bayan harafi. Yakan ga farkonta da tsawonta, ƙwaƙwalwa ta cike sauran da abin da ta saba gani. Duba waɗannan:

- chlorpheniramine na mura da ƙaiƙayi, chlorpromazine na taɓin hankali, da chlorpropamide na ciwon suga
- metronidazole, wanda aka fi sani da Flagyl, da metformin na ciwon suga
- carbamazepine na farfaɗiya da carbimazole na maƙoƙo mai yawan aiki
- amlodipine na hawan jini da amitriptyline na ciwon damuwa da ciwon jijiya
- Lasix mai sa fitsari da Losec na gyambon ciki

Idan aka ba mai mura chlorpropamide, sugan jininsa zai iya faɗuwa har ya suma. Idan aka ba mai farfaɗiya carbimazole, ya rasa maganinsa ke nan, kuma ya sha wanda ba ya buƙata.

*5. Kwalabe da kwalaye masu kama da juna.* Ƙananan kwalaben allura kusan duk tsayinsu ɗaya, ruwan ciki fari, rubutun jiki ƙanana. Potassium chloride mai kauri yana kama da ruwan haɗa allura, amma in aka tura shi kai-tsaye a jijiya yana tsayar da zuciya. Saboda haka ne a 2002 hukumar kare majiyyata ta Ingila ta ba da umarnin a janye shi daga ɗakunan kwanciya na gama-gari. A ɗakin haihuwa, oxytocin da ergometrine duk suna tsayar da zubar jini, amma ergometrine na da haɗari ga mai hawan jini ko jijjigar ciki. Sannan duk lokacin da aka sauya kamfanin da ake sayen magani, launin kwali na sauyawa, hannun da ya saba da tsohon launi sai ya ruɗe.

*6. Magani ɗaya, ƙarfi daban-daban.* Wannan ya fi shafarmu a kullum. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine yana zuwa a ƙwaya mai 20/120, wadda babba ke shan huɗu a lokaci guda, da kuma mai 80/480, wadda ake shan ɗaya tak. Wanda ya saba da huɗu-huɗu, aka ba shi mai ƙarfin ba tare da bayani ba, zai iya shan ninki huɗu. Wanda kuma ya saba da ɗaya, aka ba shi ƙaramar, zai sha rubu'in abin da yake buƙata, zazzaɓi ya ƙi sauka. Haka paracetamol na yara: na cokali yawanci miligiram 120 ko 125 ne a mililita 5, na ɗigawa kuwa miligiram 100 ne a mililita 1. Cokali ɗaya na mai ɗigawa daidai yake da ƙwayar babba mai miligiram 500. Amoxicillin na ruwa shi ma akwai mai 125 da mai 250.

*7. Rubutun likita.* Wannan laifinmu ne, mu likitoci. Rubutu mai wuyar karantawa yana tilasta wa na famasi yin hasashe. Idan aka rubuta 1.0 kuma ɗigon bai fito ba, ya zama 10. Idan aka rubuta .5 ba sifili a gaba, ya zama 5. Harafin U da wasu ke sa wa a gaban adadin insulin yana kama da sifili, sai 4 ya koma 40. Umarnin baki ko na waya ya fi wannan haɗari, domin babu abin da za a koma a duba.

*8. Lissafin maganin yara.* Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Allurar artesunate ta zazzaɓi mai tsanani miligiram 2.4 ce a kowane kilo, amma ga yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ce. Garinta kuma sai an narkar da shi da ruwan bicarbonate, sannan a ƙara ruwan gishiri, kuma adadin ruwan ya bambanta tsakanin allurar jijiya da ta tsoka. Kowane mataki lissafi ne. Idan sikeli ya lalace aka ƙiyasta nauyi da ido, ko aka dogara da shekaru alhali yaron na fama da tamowa, lissafin ya karkace tun daga tushe.

*9. Sunayen marasa lafiya.* A layi ɗaya za ka iya samun A'isha Muhammad uku da Musa Ibrahim biyu. Ga alkunya: uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mace ba ta faɗin sunan miji, sai a kira suna ta yi shiru ko wata ta amsa. Wasu kan ari katin ɗan'uwa don gudun kuɗin sabon kati, sai tarihin wani ya hau kan wani. Sau da yawa kuma wanda ya zo karɓar maganin yaro ne aka aiko, ko maƙwabci, ko ɗan acaɓa, wanda bai san ciwon ba balle ya lura an ba shi abin da bai dace ba.

*10. Harshe da bayani.* Ma'aikaci mai yi wa ƙasa hidima ko mai sanin makamar aiki da aka turo daga wata jiha ba lallai ya ji Hausa sosai ba. Bafulatanar da ta fito daga ruga ita ma ba lallai ta gane Hausar asibiti ba. Alamar 1-1-1 ko zane uku a jikin leda ba kowa ke fahimtarta daidai ba. An sha samun wanda ya haɗiye maganin da aka ce a cusa ta dubura ko ta gaba, da wanda ya sha methotrexate kullum alhali sau ɗaya a mako ake shan sa. "Cokali ɗaya" a asibiti mililita 5 ne, cokulan gida kuwa wani bai kai 3 ba, wani ya wuce 7.

*11. Jin nauyin na gaba.* Mun taso da girmama manya, kuma abu ne mai kyau. Amma a asibiti yakan hana ƙaramin ma'aikaci cewa babban likita "ranka ya daɗe, wannan adadin ya yi yawa". Wanda aka taɓa yi wa tsawa don ya yi tambaya, gobe shiru zai yi. Marar lafiya shi ma yana jin nauyin tambaya, kada a ce ya raina ilimin ma'aikaci.

*12. Wurin aiki.* An ɗauke wuta, ana karanta ƙananan rubutu da fitilar waya. Ɗaki ƙarami, zafi, hayaniya, kanta a cakuɗe. Wani bincike a Amurka a 1991 ya nuna cewa ƙara haske kawai a ɗakin ba da magani ya rage kurakurai daga kashi 3.8 zuwa 2.6 cikin 100. Rashin wuta kuma na shafar magungunan da ke buƙatar sanyi, irin su insulin da oxytocin.

Abin da ya taɓa faruwa da ni

Ina shekarar farko da fara aiki, a wani asibiti, cikin damina, yara biyu na kwance a gado ɗaya saboda ƙarancin gadaje. Sunansu ɗaya. Ɗaya nauyinta kilo 9, ɗayar kilo 22. Wajen ƙarfe uku na dare na ɗauki nauyin babbar na lissafa wa ƙaramar artesunate, na rubuta miligiram 53 a maimakon 27. Na san ƙa'idar sarai, lissafina ma daidai ne, takardar da na kalla ce ba ita ba. Mai harhaɗa magungunan da ke aikin dare ta ga shekara ɗaya da rabi a saman takarda, ta ga adadin, ta ƙi bayarwa, ta aiko a kira ni. Da ta ji nauyina, ko da layi ya sha kanta, da maganin ya wuce. Tun daga ranar nake rubuta nauyin yaro a jikin kowace takardar magani, kuma ba na ɓata rai idan famasi suka dawo mini da takarda.

Darussa biyu daga Amurka

A watan Satumba na 2006, a wani asibiti a birnin Indianapolis, ma'aikacin famasi ya zuba kwalaben heparin, maganin hana jini daskarewa, masu ƙarfin 10,000 a ma'ajiyar ɗakin bakwaini, inda aka saba ajiye masu ƙarfin 10. Kwalaben biyu girmansu ɗaya, takardar jikinsu duk shuɗiya. Ma'aikatan jinya suka ɗauka kamar kullum. Jarirai shida suka samu ninki 1,000 na abin da ya kamata, uku suka rasu. Bayan shekara ɗaya, a Nuwamban 2007, irin wannan ya sake faruwa a wani asibiti a Los Angeles, da wasu ma'aikata daban. Mutane sun canza, tarkon bai canza ba.

A farkon 2006 kuma, a jihar Ohio, wata yarinya 'yar shekara biyu ta rasu bayan an haɗa mata maganin daji da ruwan gishiri mai kaurin kashi 23.4 a maimakon mai 0.9. Ranar Lahadi ce, ma'aikata sun yi ƙaranci, kwamfuta ta tsaya aiki ya taru, ana ta kira daga ɗakin kwanciya a kawo maganin. Mai harhaɗa magungunan da ya sa hannu bai lura ba. Ya rasa lasisinsa, aka ɗaure shi wata shida. A 2009 jihar ta kafa dokar da ta wajabta tantance ƙwarewar mataimakan famasi.

Idan haka ta faru a inda ake da wuta da na'urori, ka san matsalar tana tattare da yadda aka halicci ɗan Adam. Tara yake, bai cika goma ba.

Hukunci ko gyara?

Idan kuskure ya faru, abin da zuciya ke so shi ne a nemo mai laifi. Amma inda duk mai kuskure ake kora ko wulaƙanta shi, ma'aikata kan koyi ɓoyewa, tarkon ya zauna yana jiran na gaba. Tsarin da masana ke ba da shawara ya raba abu uku. Wanda hannunsa ya zame, a tallafa masa, a gyara abin da ya jawo. Wanda ya saba tsallake ƙa'ida saboda kowa na yi, a ja hankalinsa, a kuma duba dalilin da ya sa ƙa'idar ke da wuyar bi. Wanda ya yi ganganci da sani, kamar zuwa aiki a buge ko sayar da jabun magani, wannan a hukunta shi. A Nijeriya, Hukumar Kula da Harkar Harhaɗa Magunguna, PCN, ce ke sa ido kan masu wannan sana'a, NAFDAC kuma ke karɓar rahoton illar magani ta takardarta mai ruwan ɗorawa da kuma manhajar waya ta Med Safety.

Abin da asibiti zai iya yi ba tare da kuɗi mai yawa ba

- Raba magunguna masu kama da juna a kanta daban-daban, da rubuta inda suka bambanta da manyan baƙaƙe: chlorproMAZINE, chlorproPAMIDE.
- Keɓe magunguna masu haɗari, irin su potassium chloride, insulin, heparin da magnesium sulphate, da alama ja, kuma mutum biyu su duba kowa shi kaɗai kafin a bayar.
- Tantance marar lafiya da abu biyu: cikakken suna da lambar kati.
- Wajabta rubuta shekaru da nauyin yaro a kowace takarda, da liƙa jadawalin adadin magani bisa nauyi a bango.
- Ware mutum ɗaya na amsa tambaya da waya, a bar mai ƙirga magani ya yi aikinsa.
- Sa fitila mai aiki da hasken rana a kan teburin ba da magani.
- Tsara hutu da canjin aiki yadda wanda ya kwana ba zai wuni ba.
- Ajiye littafin rubuta kurakuran da aka kama kafin su isa ga marar lafiya, a tattauna su duk wata ba tare da kiran suna ba.

Abin da kai za ka yi a bakin taga

Kai ne zana ta ƙarshe. Minti biyu sun isa ka yi waɗannan:

1. Faɗi cikakken sunan marar lafiya, ka tabbatar shi ne a jikin leda. In kina jin nauyin faɗin sunan, nuna katin.
2. Kada ka yi amfani da katin wani.
3. Faɗi idan akwai juna biyu, shayarwa, ciwon ƙoda, ciwon hanta, ko maganin da ya taɓa yi maka illa, kamar Septrin ko penisilin.
4. Zo da duk magungunan da kake sha, har na kemis da na gargajiya. Magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da paracetamol a ciki, kuma babba bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba.
5. Yi tambaya a kan kowane magani: mene ne sunansa, na mene ne, guda nawa, sau nawa a rana, kwana nawa, kafin abinci ko bayansa?
6. Maimaita wa ma'aikacin abin da ka fahimta da bakinka. A nan ake kama yawancin rashin fahimta.
7. Idan launi, girma ko adadin ƙwayar ya bambanta da wanda ka saba, tambaya kafin ka sha. Wataƙila kamfani aka sauya, wataƙila kuma kuskure ne.
8. Duba ranar ƙarewar wa'adi.
9. Na yara, nemi sirinji ko murfin awo, a nuna maka layin da za ka tsaya.
10. In ba ka karanta boko, nemi a yi maka alamar da za ka gane, ko ka rubuta da ajami a jikin ledar da hannunka. Kada ka haɗa ƙwayoyi daban-daban a leda ɗaya.
11. In za ka yi aike, aiki babba mai hankali wanda ya san ciwon.
12. Kada ka ja ma'aikaci da hira ko ka matsa masa yana ƙirga magani. Jira ya gama.

Matambayi ba ya ɓata. Ma'aikacin kirki yana jin daɗin mai tambaya, domin yana taya shi tsaro ne.

Idan kana zargin an yi kuskure

Dakata da shan maganin, ka koma asibiti ko ka kira ma'aikacin lafiya a ranar, musamman in maganin farfaɗiya ne, ko na hawan jini, ko na suga, waɗanda ba a so a yanke su haka kawai. Tafi da ledar, kwalin, da ragowar maganin. Kada ka sa marar lafiya amai da ƙarfi, kada ka ɗura masa manja ko madara.

Garzaya asibiti nan take, ko da tsakar dare ne, idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan shan magani ko allura:

- wahalar numfashi, kumburin fuska, leɓe ko harshe
- barci mai nauyi da ba a iya tada mutum, ko suma
- gumi, karkarwa da ruɗewa
- jijjiga
- ƙuraje masu saɓule fata, ko gyambo a baki da ido
- zubar jini, amai da jini ko baƙin bayan gida
- raguwar fitsari sosai, ko idanu su yi ɗorawa

Ka sani cewa yawan paracetamol ba ya nuna alama mai tsanani a ranar farko, sai bayan kwana biyu ko uku hanta ta fara gazawa. Kada ka jira alama in ka san an sha fiye da kima.

Haƙƙinka ne a gaya maka abin da ya faru da abin da za a yi a kai. Sanar da shugaban famasi ko hukumar asibitin cikin natsuwa, domin rahotonka zai iya hana a maimaita wa wani. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma yi wa masu kula da su jagora.